Mota ta zo, sojan da ke duba ta bai biyo ta ba

A ƙarƙashin tsohuwar motar sojan Amurka da ake kira M35A2, jikin ƙarfen shasi, akwai tankunan iska guda biyu, kowannensu da ɗan ƙaramin famfo a gindinsa. Littafin direba na rundunar, mai lamba TM 9-2320-361-10, ya sa buɗe waɗannan famfuna cikin abubuwan da dole a yi duk ranar da motar ta fita, da zarar an dawo an kashe inji. Aikin bai kai minti biyar ba, ba ya kuma bukatar ko sifana. Amma mutum zai iya sayen motar a gwanjo, ya yi mata fenti, ya sauya mata batir, ya yi wata da watanni yana yawo da ita, bai taɓa durƙusawa ya leƙa wurin ba. Ranar da zai san da zamansu ita ce ranar da birki ya fara yi masa gardama.

Kamfanin REO na garin Lansing a jihar Michigan ne ya zana asalin wannan mota, wato M35, a 1949, aka fara ƙera ta a 1950, daga baya Kaiser-Jeep da AM General suka ci gaba da aikin. Ta yi yaƙin Koriya, ta yi na Biyetnam, ta kai har yaƙin Tekun Fasha na 1991. Tayoyinta goma ne, aksil uku, kuma dukkansu suna ja. Lodinta tan biyu da rabi ne a daji, ninkin haka a kan kwalta, ita kanta ba kaya tana da nauyin kusan tan 6. A tsakiyar shekarun 1990 rundunar ta fara maye gurbinta da jerin motocin FMTV, waɗanda aka ɗauko tsarinsu daga wata motar kamfanin Steyr na Ostiriya, Steyr ɗin nan da ya taɓa haɗa manyan motoci a Bauchi. Daga nan tsofaffin M35 suka riƙa fita gwanjo, suka faɗa hannun manoma, da 'yan kwana-kwana na ƙauyukan Amurka, da masu sha'awar tara kayan soja.

Abin da mai saye ya kamata ya fara ganewa shi ne, an ƙera motar nan a kan zaton cewa akwai wani soja da aikinsa ke nan: ya zagaya ta kafin a fita, ya saurare ta a kan hanya, ya sake zagaya ta bayan an dawo, ya cike takarda, saje ya duba takardar. Shi ya sa masu zanenta ba su wahalar da kansu wajen sa mata abubuwan da ke rufa wa direba malalaci asiri ba. Ba ta da na'urar busar da iska. Ba ta da layin birki na biyu da zai tare idan na farko ya fashe. Ba ta da birkin da ke kama kansa idan iska ta ƙare. Duk waɗannan giɓuɓɓuka idon soja ne ke cike su. To, a gwanjo mota kawai ake sayarwa.

Daga ina ruwan yake fitowa, tunda ba wanda ya zuba shi? Daga iskar da muke shaƙa. Iska tana ɗauke da danshi, kuma iyakar abin da za ta iya riƙewa ya danganta da zafinta da kuma faɗin wurin da take. A zafin digiri 30 na Salshiyas, kubik mita guda na iska ba ya riƙe fiye da giram 30 na ruwa. A ce rana ce mai laima, iskar ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari na iyawarta, wato giram 24. Kwamfuresan motar zai zuƙi wannan iska ya danne ta har matsinta ya kai psi 120, ma'aunin nan da masu faci ke karantawa a gejinsu. A wannan matsi, iskar ta koma kusan kashi ɗaya cikin tara na girmanta. Tana fitowa daga kwamfuresa da zafi, don haka ruwan yana nan a matsayin tururi. Amma da ta shiga tanki ta huce, ɗan wurin da ya rage mata ba zai riƙe fiye da giram 3 da 'yan kai ba. Sauran giram 20 ɗin sai su zama ruwa su kwanta a gindin tanki, kamar dai an matse jiƙaƙƙen tsumma. A irin wannan rana, duk kubik mita 50 da kwamfuresa ya zuƙa, lita guda ke nan ta ruwa.

Wannan lissafi yana nuna wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawan ruwan ya danganta ne da yawan iskar da kwamfuresa ya tura, ba da nisan tafiya ba. A mota mai lafiya, wata 'yar na'ura da makanikai ke kira gwamna tana sauke wa kwamfuresa aiki idan matsi ya kai wajen 120, ta mayar da shi bakin aiki idan matsin ya sauka. Amma motar da ke yoyon iska ba ta barin kwamfuresa ya huta. Yana ta turawa, yana ta zafi, yana ta tara ruwa. Kuma a M35 ba birki kaɗai ke cin iska ba: waifa da iska take aiki, ham ma haka, a yawancinsu da iska ake shigar da aksil na gaba, ga kuma bakunan tiyo biyu a baya na tirela. Kowannensu wuri ne da yoyo zai iya ɓuya.

Ruwan kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Baƙin man inji ne ke shafe cikin kwamfuresa, kuma idan ringinsa suka ci, sai mai ya riƙa bin iska. Mai da ruwa da tsatsa idan suka gauraya sai su zama wani irin kwaɓi mai yauƙi, shi ne ke bin bututu ya je ya liƙe a bawul-bawul.

Don a gane inda ɓarnar take sauka, sai an san yadda birkin M35A2 yake, domin ba irin na tirela ba ne. Birkinta na mai ne da iska ke taimaka wa. Idan direba ya taka, ƙafarsa tana tura man birki daga masta, wato babbar silindar man birki, wadda ke ƙarƙashin daɓen gaban mota a ɓangaren direba. Man yana zuwa ga wata tukunya mai ɗakuna biyu da ke jikin shasi. Matsin man ne ke buɗe wani ƙaramin bawul, iska daga tanki ta shigo ta bugi wani faffaɗan fistin, shi kuma ya tura wani siririn fistin da ke ninka ƙarfin man, daga nan man ya rarrabu zuwa ƙafafu shida, ya buɗe layinin birki a cikin durom. Wato iskar ba ta taɓa ƙafar mota, ƙarfi kawai take ara wa ƙafar direba.

Wannan tukunya ita ce ta fi shan wahalar ruwan tanki. Cikinta ƙarfe ne, fistin ɗinta da roba yake rufe iska. Ruwa ya shiga, tsatsa ta kama bango, tsatsar ta yayyage robar. Daga nan abu biyu ne kan faru. Ko fistin ya ƙi komawa bayan an ɗaga ƙafa, birki ya riƙe, durom ya ɗau zafi har ka ji ƙauri, ko kuma robar da ke raba mai da iska ta mutu, man birki ya riƙa zurarewa ɓangaren iska. Na biyun ya fi ha'inci, domin ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Sai dai duk sanda ka buɗe masta ka tarar mai ya ragu, ka ƙara, ka ce ai tsufa ne. A ƙasashen sanyi akwai bala'i na uku: ruwan ya daskare a cikin bututu ko bawul da dare, da safe agogon iska ya nuna tanki cike, amma iskar ba ta da hanyar wucewa.

Akwai kuma ɓarna mai sauƙin ganewa. Duk wurin da ruwa ya zauna a tanki, iska ce ta rasa shi. Agogo zai nuna 120 yadda ya saba, don matsi yake aunawa ba yawa ba. Amma a doguwar gangara, inda ake taka birki a kai a kai, tankin da ruwa ya cinye rabinsa zai yi saurin faɗuwa, allura ta zube kafin kwamfuresa ya cike gurbin.

Yadda ake zubarwa ba wuya. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a cire giya, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan taya, a kashe inji. Waigin nan ba ado ba ne, zan dawo kansa. Sai mutum ya durƙusa ta gefe, ba ya kwanta fuskarsa na kallon bakin famfo ba, ya sa tabarau na aiki, ya murɗa famfon a hankali. Da farko za a ji tsaki mai kaifi, sai feshi ya biyo, yana buga ƙasa yana ta da ƙura da tsakuwa. Idan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi kafin ka buɗe, za ka ga abin da ya fito zane a jikinsa: da'irar jiƙa, a tsakiyarta ɗige-ɗigen ja ko baƙi. Kada ka tara tafin hannu don ka ji ƙarfin iskar, a wannan matsi tana iya cusa ɓarɓashin tsatsa cikin fata. A bar ta ta fita duka har tsakin ya mutu, ba a ɗan fesa a rufe ba, domin kwaɓin da ke can ƙasa sai a ƙarshe yake tahowa. A yi wa tanki na biyu haka nan.

Kwalin nan ya fi makanike da yawa faɗin gaskiya. Ruwa garau kaɗan, ba komai, haka ya kamata a gani. Ruwa mai yawa bayan gajeriyar tafiya, a nemi yoyo, kwamfuresa ba ya hutawa. Ruwa ja mai ɓarɓashi, tanki na ci daga ciki. Ruwa fari-fari mai kauri da santsi, ko baƙin mai sak, kwamfuresa ya fara zubar da mai, ko kuma matatar iskar da yake zuƙa ta toshe. A ganina amfanin zubarwar kullum ya fi ƙarfi ta nan: wanda ke kallon abin da ke fita kowace rana shi ne zai lura da ranar da ya sauya kala.

Wani lokaci kuma ka murɗa famfo ka ji shiru, alhali agogo na nuna akwai iska. Wannan ba albishir ba ne, bakin famfon ne tsatsa ta toshe. A nan ne mutane ke yin kasada, su ɗauko sifana su fara kwance famfon gaba ɗayansa da matsi a bayansa. Ƙarfen zai fita da gudu, ya tafi da duk abin da ya tarar. Hanyar ita ce a fara sauke iskar ta wani wuri, a riƙa taka birki da inji a kashe har allura ta kwanta a sifili, sannan a kwance famfon a wanke shi ko a sa sabo. Masu dabara suna sauya tsofaffin famfunan da irin mai sifirin da ake ɗaura wa waya, a jawo wayar zuwa gefen mota, ta yadda mutum zai zubar yana tsaye. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana kashe babban uzurin da ke hana aikin, wato ƙyuyar shiga ƙarƙashin mota.

Masu irin waɗannan motoci suna da tsohuwar gardama a kan ko a bar famfon a buɗe ya kwana ko a rufe. Masu cewa a bari suna kafa hujja da cewa sauran danshin zai ɗiga da dare. Ni ina tare da masu rufewa. Idan an sauke iskar duka, abin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba. Famfo a buɗe kuwa ƙofa ce ga danshin dare, ga ƙura, ga zanzaro da ba ya ganin rami ya ƙyale. Sa'an nan akwai mantuwa: a ta da mota da safe, a yi ta jira iska ta ƙi taruwa.

Da yake an zubar da iskar duka, washegari mota za ta tashi da tanki fayau, ƙararrawar gargaɗi tana ihu. Haka aka tsara ta: ba za ta yi shiru ba sai matsi ya haura psi 60, kuma ba a so a motsa sai allura ta shiga tsakanin 85 da 120. 'Yan mintocin nan na jira gwaji ne kyauta. Wanda ya san tsawon lokacin da motarsa ke ɗauka kafin ta cika zai gane ranar da ta fara nawa, ko bel ɗin kwamfuresa ya saki, ko yoyo ya ƙaru. Abin takaici, ƙararrawar tana da ƙara mai ban haushi, kuma ba wuya a tarar wani mai motar na baya ya cire mata waya. Idan ka kunna makulli da tanki fayau ka ji tsit, to wannan gyara shi ne na farko, kafin fenti, kafin komai.

Don auna yoyo, ma'aunin da Amurka ke koya wa direbobin manyan motoci ya isa abin kwatance: a cika tanki, a kashe inji, a kalli agogo minti guda. Mota marar tirela kada ta zubar da fiye da psi 2 idan ba a taka birki ba, ko psi 3 idan an taka an riƙe. Idan ta wuce haka, sai a bi mahaɗan bututu ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, inda kumfa ya tashi nan ne. Tankin da tsatsa ta huda kuwa ba a kai shi wurin mai walda. Inda ramin ya bayyana shi ne wurin da ya fara kasawa, kewayensa duk ya yi siriri daga ciki. Sauya shi ake yi.

Motocin zamani sun rage wannan wahala da na'urar busar da iska, wadda ake dasawa tsakanin kwamfuresa da tankin farko. A cikinta akwai ƙwayoyin da ke tsotse danshi, kuma duk sanda gwamna ya sauke aiki sai ta fesar da abin da ta tara, shi ne tsakin nan da ake ji daga tirela tana tsaye. Da yawa daga masu M35 suna sayo ta su ɗaura, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai ba ta soke leƙa tanki. Ƙwayoyin suna mutuwa, musamman idan mai ya shafe su, kuma hanyar da za ka san sun mutu ita ce ka buɗe famfo ka ga ruwa. A da, abin da ake sa wa motocin yankunan ƙanƙara shi ne 'yar kwalbar sinadarin metanol da ke bin iska don hana daskarewa. Wannan ba ya cire ruwa, hana shi zama ƙanƙara kawai yake yi.

Yanzu ga maganar waigi. Direban da ya saba da tirela ya san idan iska ta ƙare, wani ƙaƙƙarfan sifirin yana danne birkin baya da kansa, mota ta kafe. Haka motocin soja masu tan biyar na jerin M939 suke, masu birkin iska zalla, waɗanda aka jera musu famfunan zubarwa huɗu wuri guda a gefe. M35A2 ba ta da wannan sifirin ko kaɗan. Ka zubar da iskarta duka, ba abin da ya kama. Abin da ke riƙe da ita shi ne birkin hannu, wani ƙaramin durom a bayan akwatin raba giya da ke kama furofela. Wanda ya kawo ilimin tirela ya shiga ƙarƙashinta a gangara yana cewa ai ba iska ba motsi, ya yi wa kansa mummunan lissafi. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya koma kan mai birkin iska zalla ya sani cewa tukunyar sifirin ba a buɗe ta da wasa, ƙarfin da ke ɗaure a ciki yana kisa.

Kuma kada a ce to bari a bar ta a giya don ƙarin tsaro. Injinta, LDT-465 mai silinda shida wanda aka yi shi ya ci dizal da kananzir da man jirgi, ba ya bukatar wuta kafin ya kama. Wani hannu ake ja a gaban direba ya yanke mai, inji ya mutu. Idan aka mayar da hannun ciki, aka bar mota a giya, wani abu ya ture ta ko ta ɗan gangara, injin zai iya tashi ta kama tafiya ba kowa a ciki. Shi ya sa ake barin hannun a jawo, giya a cire, waigi a taya.

Ko da iska ta ƙare mata a hanya, M35A2 tana da sauran birki, sai dai mai tauri ƙwarai, wanda direba zai miƙe a kai da dukkan nauyinsa. Wanda ba ta da maganinsa shi ne fashewar layin mai. Layi ɗaya ne ke ciyar da ƙafafu shida. Tiyon roba guda ya tsage, ko bututun ƙarfe guda da tsatsa ta ci ya huje, feda ta tafi ƙasa, shi ke nan, sai birkin hannu da saukar da giya. Don haka buɗe murfin masta a duba mai kafin kowace fita daidai yake da zubar da tanki bayan dawowa, ba a raba su. A leƙa bayan kowace ƙafa, in an ga jiƙa a jikin farantin durom ko a cikin taya, silinda ce ke yoyo. Tiyoyin roba kuwa, idan ba ka san shekarar da aka sa su ba, ka ɗauka sun ƙare.

Man birkin ma yana da tarko. Tun wajen farkon shekarun 1980 rundunar Amurka ta koma amfani da DOT 5, mai silikon, mai launin shunayya. Ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4 da ake sayarwa a kowane shago, kuma DOT 5.1, duk da kamannin suna, dangin waɗancan ne ba nasa ba. Kafin a ƙara mai sai an tabbatar da wanda ke ciki, domin ba ka san abin da mai motar na baya ya zuba ba. DOT 5 ba ya shan ruwa, abin da ya sa sojoji suka so shi ke nan, amma ruwan da ya samu shiga ba ya bajewa, sai ya taru a wuri mafi ƙasa ya ci ƙarfe a can.

Masu saye suna yawan ruɗuwa da agogon mil. Ka ga mota ta haura shekara 40 amma agogonta na nuna ɗan abin da bai kai na tasi a shekara guda ba. Na farko, ana sauya agogon a lokacin garambawul, don haka lambar ba shaida ba ce. Na biyu, ko da gaskiya ce, zama ya fi tafiya lalata irin wannan mota. Roba tana bushewa a zaune, ruwa yana cin tanki a zaune, silindar birki tana kafewa a zaune. Injin ma yana da nasa: idan ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa, yana kuma warin dizal, to famfon mai ne ke zuba a ciki, ba albarka ba ce.

Bayan birki, wani babban haɗari ga masu taɓa waɗannan motoci shi ne wili. Tayoyinta masu lamba 9.00-20 suna zaune ne a kan rim mai zobe, inda wani zoben ƙarfe tsagagge ke shiga cikin kwari ya riƙe bakin taya. Masu faci a tashoshinmu sun san irinsa a tsofaffin gingimari. Idan zoben ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cika kwarin, ko bai zauna daidai ba, yana iya fincikewa ana cikin bugun iska, da ƙarfin da zai fasa kan mutum. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta wajabta a hura irin wannan taya a cikin kejin ƙarfe, da dogon tiyo mai kama kansa, mai hurawa yana tsaye a gefe. Kafin a kwance wili, a cire allurar bawul iska ta fita tas, in tagwaye ne na baya a sauke duka biyun. Ba a dukan zobe da guduma akwai iska a ciki. Wani ƙaramin abu da ke karya wa sababbin shiga sifana: notocin ɓangaren hagu juyin hagu ne, akwai harafin L a kan ƙusoshin.

Tayoyin kansu an yi su ne don laka da yashi, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba su da riƙo, musamman idan bayan motar ba kaya. Gudunta na ƙarshe wajen kilomita 90 ne a awa, kuma ba dole sai an kai can ba. Sitiyarinta ba shi da taimakon mai, don haka a hanya marar kyau ba a zura babban yatsa cikin da'irarsa, dutse guda zai iya juya shi ya karya yatsan. Ƙurar cikin durom ba a hure ta da iska, tsofaffin layinin birki na iya ƙunsar asbestos, jiƙa ta ake yi a goge. Fentin sojan ma ba a gurza shi ko a ƙona shi ba abin rufe hanci na gaske. Mai winci a gaba kuma ya bar fil ɗin alminiyam da ke haɗa wincin da sandar da ke juya shi yadda yake: an yi shi ne don ya karye idan nauyi ya wuce kima, wanda ya musanya shi da ƙusar ƙarfe ya mayar da karyewar kan waya ko kan giya.

Tafiya mafi haɗari a rayuwar irin wannan mota a hannun farar hula ita ce ta farko, daga filin gwanjo zuwa gida. Motar ta yi shekaru a tsaye, ba wanda ya san abin da ke cikin tankunanta ko cikin mastarta, mai ita kuma yana ɗoki. Inji ya tashi da bugu ɗaya, domin injunan nan ba su da wuyar tashi, sai ya ɗauka sauran ma haka suke. Wanda zai ji shawara ya ɗora ta a kan tirela. Idan ta sauka a gida, a zubar da tankuna a kan kwali, a cire wili shida a buɗe durom, a sauya tiyoyin roba duka, a wanke layin mai a zuba sabo, a gwada ƙararrawa da birkin hannu. Sannan a fita da ita fili marar mutane, a taka birki da ƙarfi a ƙaramin gudu sau da yawa, a sauko a kai bayan hannu kusa da kowane durom a ji ko akwai wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko wanda ya zauna da sanyinsa bai kama ba.